Amanar Jiki a Kwanakin Kirsimeti

Karatu: Yohanna 1:1-14, Nehemiya 8:9-12, 1 Korintiyawa 6:19-20

A ikkilisiyar da na fara yi wa hidima bayan na gama makarantar tauhidi, akwai wani dattijo mai haƙuri da fara'a wanda ya daɗe yana fama da ciwon sukari. Mutum ne mai kiyaye abin da likita ya gaya masa, har mukan yi masa ba'a cewa ya fi kowa a cikinmu bin doka. A ranar Kirsimeti ta shekarata ta uku a wurin, bayan an tashi daga sujada, ya bi gidajen 'yan'uwa yana gaisuwa kamar yadda aka saba. Gidana ne na biyar. Uwargidana ta kawo shinkafa da soyayyen nama da cincin, ni kuwa da hannuna na buɗe kwalbar lemu na ajiye a gabansa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Fasto, a yi mini haƙuri, na riga na sha a gidaje uku." Na yi dariya na ce, "Haba Baba, yau fa ranar haihuwar Mai Ceto ce. Kwalba ɗaya me za ta yi?" Ya ɗauka ya shanye, gama bai so ya kunyata fastonsa a gaban iyali ba.

Bayan kwana uku aka kai shi asibiti bai san inda kansa yake ba. A bakin ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi ne matarsa ta gaya mini cewa maganinsa ya ƙare tun makonni biyu kafin biki, kuɗin da zai saya wani kuwa ya zuba su a watanda da ɗinkin jikoki. Allah ya yi masa jinƙai, ya tashi. Amma ni na koma gida da tambayar da ba ta rabu da ni ba har yau, ita ce kuma nake so in ajiye a gabanka, ɗan'uwana mai karatu: kula da lafiyar jiki a kwanakin biki, sha'anin asibiti ne kawai, ko kuwa al'amari ne da za mu ba da lissafinsa a gaban Ubangiji?

Abin da muke biki dominsa

Da yawa a cikinmu mun girma da tunanin cewa ruhu ne kaɗai Allah ya damu da shi, jiki kuwa riga ce da za a tuɓe a yar. Wannan tunani ya tsufa ƙwarai. Tun a zamanin ikkilisiyar farko an sami masu koyar da cewa Yesu ya yi kamar yana da jiki ne kawai, domin a ganinsu bai dace Allah Mai Tsarki ya haɗa kansa da nama da jini ba. Ikkilisiya ta ƙi wannan koyarwa, kuma a babban taron Kalsidon na shekara ta 451 iyayen bangaskiya suka tabbatar da cewa Almasihu cikakken Allah ne, cikakken mutum ne kuma. Manzo Yohanna ya riga ya shaida haka a farkon bishararsa, cewa wanda ta wurinsa aka halicci kome ya ɗauki jiki irin namu ya zauna tare da mu.

Ka tsaya ka dubi jaririn Baitalami da kyau. Ya ji sanyi, shi ya sa aka naɗe shi da zane. Ya ji yunwa, uwarsa ta shayar da shi. Da ya girma ya gaji har ya zauna a bakin rijiya, barci ya kwashe shi a cikin jirgin ruwa, ya ji ƙishi a kan gicciye. Bayan tashinsa daga matattu ma ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa. Idan Ɗan Allah bai raina jikin mutum ba, har ya ɗauke shi ya hau sama da shi, wane ne ni da zan raina nawa? Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa jikin mai bi mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma ba mallakar mai bin ba ne, gama an biya farashinsa. Abin da ba naka ba amma yana hannunka, sunansa amana.

Ga abin mamaki a nan. Bikin da muke tunawa da ranar da Allah ya girmama jikin mutum, shi ne bikin da muka fi wulaƙanta namu jikunan a cikinsa. Duk faston da ya daɗe a aiki ya san yadda makonnin farko na Janairu suke: ziyarar asibiti, jana'izar waɗanda hanya ta ci, da addu'a domin waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye.

Allah ba ya gāba da biki

Kada ka ɗauka ina kiranka zuwa ga Kirsimeti na ɗaure fuska da tuwon jiya. Littafi Mai Tsarki cike yake da bukukuwan da Allah da kansa ya umarta. A zamanin Nehemiya, sa'ad da Ezra ya karanta Shari'a jama'a suka fashe da kuka, shugabanni sun hana su makoki, suka sallame su su je su ci abinci mai maiƙo, su sha abin zaƙi, su kuma aika wa marasa abin dafawa nasu rabo. Ubangijinmu ya yi mu'ujizarsa ta farko a gidan biki a Kana. Wanda ya yi noma shekara guda, ya ga damina ta wuce lafiya, 'ya'yansa sun dawo daga birane, ya cancanci ya yanka kazarsa ya ci da murna.

Sai dai Littafin da ya ce a ci a sha, shi ne kuma ya gargaɗe mu a cikin Karin Magana cewa zuma ma, in aka zarce da shanta, amai take jawowa. Tsakanin godiya da zari akwai iyaka, kuma jiki yakan san iyakar nan ko da zuciya ta yi kamar ba ta sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini ga babban mutum. Kwalba ɗaya ta lemun da muka saba sha takan ƙunshi wajen cokali 8 ko 9. Ka lissafa da kanka abin da ya shiga cikin mutumin da ya gaisa a gidaje biyar, aka buɗe masa kwalba a kowane gida, ban da cincin da kunun zaƙi. Game da gishiri kuma, shawarar hukumar ita ce ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Dunƙulen ɗanɗano da muke marmasawa a miya da shinkafa, yawancin nauyinsa gishiri ne. Saurayi mai ƙarfi zai ci duk wannan ya tashi ya buga ƙwallo. Uwarsa mai hawan jini kuwa, tukunya ɗaya suka ci, amma sakamakon ba ɗaya ba ne.

Giya da burukutu ma ba zan tsallake su ba, ko da yake mukan yi kamar ba sa shiga gidajen masu bi. Suna shiga, musamman a kwanakin nan da abokan ƙuruciya suke haɗuwa a ƙauye. Abin da mutum ya yi watanni goma sha ɗaya yana yaƙi da shi, yakan koma masa a dare ɗaya saboda wani ya ce, "Don zumunci kawai." In ka san raunin kanka, guje wa wurin ya fi maka zama kana gwada ƙarfinka.

Nauyin mai gida da nauyin baƙo

A nan ne labarin dattijon nan ya fi sukata. Mu mutane ne masu karɓar baƙi, wannan kuwa baiwa ce daga Allah. A wurinmu, baƙon da ya tashi bai taɓa abinci ba ya bar wa mai gida abin tunani. Amma akwai karamcin da ake yi domin baƙo, akwai kuma wanda ake yi domin sunan mai gida. Sa'ad da na tura wa dattijon kwalbar nan, ba lafiyarsa nake dubawa ba. Ina so ne a ce an zo gidan fasto an ci an sha. Na sa shi ya zaɓa tsakanin jikinsa da mutuncina, shi kuwa mutumin kirki ne, ya zaɓi mutuncina.

A cikin Romawa sura 14 Bulus ya gargaɗi masu bi kada abincinsu ya zama sanadin hallakar ɗan'uwan da Almasihu ya mutu dominsa. Gaskiya ne, maganar da yake yi a wurin ta lamiri ce, game da abin da wasu suke ganin haram ne a ci. Amma tushen gargaɗin ya kai har kan teburinmu: ƙauna takan dubi raunin wanda yake gabanta kafin ta dubi al'ada. Saboda haka, in baƙonka ya ce ya ƙoshi, ka gaskata shi. In ka san yana da ciwon sukari ko hawan jini, ka tanadar masa ruwa mai tsabta, ko zoɓon da ba a sa wa sukari ba, ko 'ya'yan itace kaɗan. In kana so ya tafi da alherinka, ka ƙunsa masa ya kai wa yara.

Kai kuma baƙo, kunya ado ce, amma kunyar da za ta kwantar da kai a gadon asibiti ta wuce gona da iri. Za ka iya cewa, "Na gode, Allah ya ƙara albarka, likita ya hana ni," ba tare da ka raina kowa ba. Wanda yake ƙaunarka da gaske zai fi so ya gan ka a Kirsimeti mai zuwa.

Magani da bangaskiya

Akwai wani abin da yakan faru a daren shiga sabuwar shekara wanda ya kamata mu faɗi gaskiya a kansa. A cikin zafin addu'a, wani yakan yi shelar cewa ba zai shiga sabuwar shekara da ciwo ba, ya koma gida ya zubar da ƙwayoyin maganinsa. Na gaskata Allah yana warkarwa, na kuma ga ya warkar. Amma ka tuna da abin da ya faru a kan ƙololuwar Haikali. Shaiɗan ya kawo wa Yesu alkawari daga cikin Zabura ya ce masa ya yi tsalle, Ubangiji kuwa ya ƙi, domin dogara ga Allah dabam ne da gwada Allah. Sa'ad da Allah ya ƙara wa sarki Hezekiya shekara 15, annabi Ishaya ya sa aka shafa curin ɓaure a kan marurun. Alkawarin da maganin tare suka zo. Luka da ya rubuta mana labarin makiyaya da komin dabbobi, likita ne, Bulus kuma bai ji kunyar kiransa da sunan sana'arsa ba.

Hawan jini ba ya yin sallama. Mutum zai iya yawo da awon 140 bisa 90 ko fiye har shekaru bai ji kome ba, ranar da zai ji kuwa wataƙila bakinsa ya riga ya karkace. Jin daɗin jiki ba shaida ba ce cewa ciwon ya tafi. In ka gaskata Allah ya taɓa ka, je ka a auna ka, likita ya tabbatar, kamar yadda Yesu ya aika kutaren da ya warkar su nuna kansu ga firistoci. Kafin nan, ka ci gaba da shan maganinka da godiya. Kuma sa'ad da kake kasafin kuɗin biki, ka fara ware na magani kafin na atamfa da na watanda. 'Ya'ya masu zuwa daga birni, kafin ku sauke buhun shinkafa, ku tambayi Baba da Mama ko maganinsu zai kai ƙarshen Janairu.

Hanya da hunturu

Idan ƙarshen shekara ya gabato, akan ji mutane suna cewa watannin nan na shan jini ne, aljanu sun tare hanyoyi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan fito kowace shekara da gargaɗi, kuma abubuwan da take ambata kowa ya san su: gudun wuce kima, lodi fiye da ƙima, tsofaffin tayoyi, tuƙi cikin maye, da direban da ya yi sawu biyu ko uku bai runtsa ba domin kada kasuwar biki ta wuce shi. Ga kuma hazon hunturu da yake rage gani da asuba da almuru. Mukan yi addu'a a tasha kafin mota ta tashi, wannan daidai ne. Amma fasinjan da ya ce amin, sa'an nan ya yi shiru yana kallon direba yana wuce tirela a kan kwana, ko ma ya zuga shi domin a isa da wuri, bai cika addu'arsa ba. Ka buɗe baki ka yi magana, da ladabi amma da ƙarfi. Rayukan da suke cikin motar nan, har da na direban, amana ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Sanyin hunturu ma yana da nasa tarko. Kaskon gawayi a cikin rufaffen ɗaki, ko janareta da aka shigar cikin gida don tsoron ɓarayi, suna fitar da iskar da ba ta da wari ko launi, takan kuma kashe iyali duka suna barci. Cunkoson baƙi a ɗaki ɗaya ba tare da taga a buɗe ba yana sauƙaƙa yaɗuwar sanƙarau, wanda lokacinsa ke nan na rani da ƙura. Dafaffen abincin da ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba, ya fara zama haɗari, sai a sake ɗumama shi ya yi zafi sosai kafin a ci. A rufe hatsi da ragowar abinci saboda ɓeraye, gama su ne suke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, a jikin ma'aikatan jinya na mishan. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a ido, amma mai aminci a ƙaramin abu ne ake ba babba.

Ga 'yan'uwa mata

'Yar'uwata, ke ce kika fi kowa ɗaukar nauyin bikin nan. Ke ce a kasuwa, ke ce a wurin tela, ke ce a koyon waƙar Zumuntar Mata har dare, ke ce kuma kike tashi tun kafin carar zakara ki tsaya a kan murhu hayaƙi yana cika miki ido da ƙirji. Sau da yawa ba kya samun sujadar da aka yi dukan wahalar dominta, in kin samu kuwa gyangyaɗi kike yi. Ki tuna da Marta. Ubangiji bai raina hidimarta ba, damuwar da hidimar ta jefa ta a ciki ce ya yi mata magana a kai. Kala biyu na abinci da aka dafa cikin salama sun ishi gida.

Mu maza kuwa, kada mu karanta labarin Marta mu yi wa matanmu wa'azi da shi muna zaune a inuwa. In kana so matarka ta zauna a gaban Ubangiji kamar Maryamu, tashi ka ɗebo ruwa, ka faskara itace, ka sa samarin gidan su yi wanke-wanke. Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a jeji, abin da Allah ya fara ba shi barci ne da gurasa da ruwa, sau biyu, kafin ya yi masa wata magana. Yesu ma ya janye almajiransa daga taro domin su huta, a lokacin da ba su da zarafin cin abinci. Hutu ba lalaci ba ne. Mu fastoci da muke jera taro a kan taro daga farkon Disamba har ranar ɗaya ga Janairu, wannan gargaɗi ya fara ne daga kanmu.

Ga wanda biki ya same shi a kwance

Dole in ƙara wata magana, kada wani ya karanta wannan ya ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba. Ba kowane ciwo ne sakamakon sakaci ko zunubi ba. Almajirai sun tambayi Yesu wanda ya yi zunubi har aka haifi wani makaho, ya ce musu ba haka zancen yake ba. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alheri. Akwai masu kiyaye kowace doka ta lafiya, ciwo ya same su duk da haka. Lafiya kyauta ce, ba allahn da za mu yi wa sujada ba, kuma jikin nan, kome kulawar da aka yi masa, wata rana zai kwanta yana jiran tashin matattu. Abin da ake nema a wurin mai riƙon amana shi ne aminci a kwanakin da aka ba shi.

In kana kwance a bana, ko kuwa akwai kujerar da ta zama wofi a gidanka, jaririn Baitalami ya san jikin da yake ciwo, gama ya sa irinsa. Mu kuma da muke tsaye, mu tuna da ƙarshen umarnin Nehemiya, wato rabon waɗanda ba su da abin dafawa. Ka kai wa majinyaci abincin da zai iya ci. Ka biya wa gwauruwa kuɗin maganin wata guda. Ka zauna da wanda yake kaɗaici ko da na rabin sa'a ne.

A Kirsimetin da ya biyo baya, dattijon nan ya sake zuwa gidana, yana dogara sanda. Tun kafin ranar uwargidana ta aika ta tambayi matarsa abin da yake iya ci, ta dafa masa gwaten acha da ganye. Ya ci, ya sha ruwa, muka yi addu'a tare. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Fasto, yau na ci Kirsimeti."

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka domin Ɗanka Yesu Almasihu wanda ya ɗauki jiki irin namu. Ka gafarta mana inda muka wulaƙanta amanar da ka ba mu, da inda muka zama sanadin cutar ɗan'uwa da sunan karamci. Ka koya mana mu ci da godiya, mu tsaya a kan iyaka, mu huta, mu kuma ba waɗanda suke yi mana hidima hutu. Ka kiyaye matafiya, ka ba direbobi natsuwa, ka taɓa marasa lafiya, ka ta'azantar da masu makoki. Bari jikunanmu da ruhohinmu su girmama ka a kwanakin bikin nan da dukan shekara mai zuwa. A cikin sunan Yesu, Amin.